Huda Uku, Sannan Yanka

Bayan haihuwata ta biyar ƙabar ta fito mini. Ɗan ƙullutu ne da farko, saman cibiya, bai wuce ƙwallon goriba ba. In na kwanta ya koma ciki, in na miƙe ya leƙo. Ina koyarwa a lakwal, makarantar boko, ta wani ƙauye a ƙasar Kwaya, ajin ƴan farko, waɗanda ba sa jin magana sai da ƙarfi. Duk sanda na ɗaga murya sai in ji ƙullutun ya turo zanena, har na saba, alli a hannun dama, hannun hagu dafe da ciki. Shekara uku ina haka. A ta ukun wani ya ƙara fitowa ƙasan cibiyar, shi kuma mai ciwo ne. In na ci tuwo na ƙoshi sai ya yi tauri, ba ya komawa sai na kwanta na lallaɓa shi da yatsu.

Na san ƙaba tun ina yarinya, don ita ta kashe mahaifinmu. Tasa ta ƙasa ce, ta murɗe masa yana gona, ya kwana biyu yana amai, kafin a yanke shawarar kai shi Magaria rai ya yi halinsa. Ina ƴar shekara goma sha ɗaya. Fuskarsa ta ranar ta ɓace mini, amma warin aman bai ɓace ba.

Duk da haka, da likita a Magaria ya ce mini sai an yi aiki, na naɗe takardarsa na cusa ƙasan akwati. Wuƙa nake tsoro. Yayata, wadda ke aure a Magaria tana saro atamfa daga Kano, ita ta zo mini da labarin wani aiki da ba a yanka.

"Hudawa kawai suke yi," in ji ta. "Su sa kamara su ga cikin a talabijin, su shimfiɗa raga ta ciki su toshe wurin. Matar mai shagon da nake saye, kwana biyu ta yi ta koma gida da ƙafarta."

Na yi wa maigidana, wanda nake kira Malam, maganar. Manomi ne, gyaɗa da hatsi, ba mai yawan magana ba. Ya ce, "In shi ne hankalinki ya kwanta da shi, a yi." Muka jira lakwal ta yi bakans, wato babban hutu, damina ta kankama, ni da Yaya muka tafi Kano, wani asibitin kuɗi da ba zan iya kwatanta unguwarsa ba yanzu.

Yadda Yaya ta faɗa haka aka yi. Na farka na shafa cikina, na ji filasta uku, biyu ƙanana, ɗaya ta gefen hagu ta ɗan fi girma. Ƙullutu biyun babu su. Kafaɗata ce ma ta fi damuna da ciwo, suka ce iskar da aka hura a cikin ce, za ta wuce. Likitan ya ja mini kunne: kada in ɗauki abu mai nauyi har sati shida, in kuma na ga amai ko zazzaɓi ko kumburin ciki, in dawo maza. Na ce to, ina murmushi, hankalina yana gida. Ya ba mu takarda da Ingilishi, muka ƙara kwana ɗaya muka kamo hanya.

Matan ƙauyen suka yi ta zuwa dubiya, amma gaskiya kallo suke zuwa yi. Kowacce sai ta ce, "Madam, a nuna mana." In ɗan sassauta zane su leƙa, su riƙe haɓa. Surukata, Inna, wadda muke gida ɗaya da ita, ta ce ita ba ta yarda an yi wani aiki ba, ko ƙaho da wanzami ke yi mata ya fi wannan tabo. Na yi dariya ina dafe ciki. Na ji daɗin kwanakin nan, ba zan ɓoye ba, har da ɗan alfahari.

Kwana shida da aikin, bayan la'asar, hadari ya haɗo daga gabas. Malam yana gona, manyan yaran sun fita kamo awaki, Inna tana ɗakinta. Autata, mai shekara uku da ɗoriya, tana tsakar gida lokacin da aradu ta faɗi kusa. Ta ƙwalla ƙara ta daskare a wurin, ruwa ya fara sauka kanta. Ban yi tunani ba. Na fita na sunkuya na sure ta. Ina miƙewa na ji wani abu ya tsinke mini a gefen hagu, daidai babbar hudar, kamar an ja zare ya katse. Na kai ta ɗaki na zauna bakin gado ina jira ciwon ya wuce. Ya ɗan lafa. Ban gaya wa kowa ba.

Da gari ya waye jikina da zafi, ina ta amai, kunu ma na kasa sha. Malam ya ɗauke ni a moto, wato babur, a hankali, zuwa gidan likitan ƙauyen da ke gaba da namu. Majar ɗin wurin, babban ma'aikacin jinya, ya san ni, na koyar da ƴaƴansa biyu. Layi ya cika da mata da yara masu masassara, lokacinta ne. Ya soki yatsana ya gwada jini, gwajin ya nuna palu, masassarar cizon sauro. Kuma da gaske akwai palun, sauro bai raga wa kowa ba a daminar nan. Na miƙa masa takardar Kano. Ya juya ta gaba da baya.

"Madam, wannan Ingilishi ne. Ni da ke duk Faransanci muka karanta."

Ya duba hudojin uku, duk a bushe, babu ruwa babu ja. Ya ba ni ƙwayoyi ya ce in aman bai tsaya ba in dawo gobe. Bakina ya ɗauko maganar ɗaukar yarinyar, na haɗiye ta, don Malam yana tsaye a bakin ƙofa.

Ƙwayoyin ba su zauna ba. Duk abin da na haɗiya sai ya dawo. Washegari da hantsi cikina ya tashi ya yi tauri kamar na wata bakwai. Ciwon yana zuwa ya murɗe ni har in ciji zane, ya sake ni, in ina cewa ya tafi sai ya dawo. Aman ya fara zuwa kore. Inna ta jiƙa kanwa ta kawo, ta ce iska ce ta taru, in sha ta fita.

"Ciki ba a yanka ba, me zai same shi?" in ji ta.

Na karɓi ƙwaryar don kada in yi mata musu, na ajiye gefe. Kafin azahar na sake yin amai a tasa. Wannan karon ba kore ba ne, ruwan ƙasa ne, mai kauri. Warin ya bugi hancina, sai na ga kaina a ƙofar ɗakin mahaifinmu ina ƴar shekara goma sha ɗaya. Shi ne, babu bambanci. Na ajiye tasar. Na kira Malam.

"Malam, irin aman Baba ne. Hanjina ne ya murɗe."

"Ke, daina faɗar haka. Palu ne, majar ya faɗa."

"Shinshina ka ji."

Ya sunkuya kan tasar. Da ya ɗago ya fita da sauri, na ji tashin moto. Bai jima ba ya dawo da majar a baya. Majar ya sa abin saurarensa a cikina ya daɗe yana ji, ya ƙwanƙwasa da yatsa, cikin ya amsa kamar ganga. Da ya danna gefen babbar hudar na yi ihun da ban san ina da shi ba. Akwai ɗan ƙullutu a wurin, ƙarƙashin fata, mai tauri.

"Madam, ki yi haƙuri da tambayar. Yaushe rabonki da bayan gida?"

"Kwana biyu."

"Iska fa? Tusa nake nufi."

Inna tana zaune, Malam yana tsaye. Da a wata rana ce, da na so ƙasa ta tsage in shige. Na ce tun ranar ruwan nan ban yi ba. Fuskar majar ta sauya. Ya fita tsakar gida yana neman inda talho, wayar hannu, ke kamawa, na ji yana magana da Faransanci da sauri, kuma duk na fahimta, abin da ya sa na yi da-na-sanin iya harshen. Toshewar hanji, ya ce, gaggawa ce.

Ambilans ta taso daga Magaria, amma ba za ta iso ba. Ruwan kwanakin nan ya cika fadamar da ke tsakaninmu da babbar hanya, sai dai ta jira mu a tsallake. Aka shimfiɗa katifa a amalanken maƙwabcinmu, aka kwantar da ni. Ban yarda a kawo mini yaran ba. Na ji autar tana kuka a bayan zana, na juya fuskata.

Duk takun jakin a cikina yake sauka. Hanyar ta ratsa gonaki, hatsi ya yi tsawo har ya fara fidda kai, ganyensa yana shafar gefen amalanken. Malam yana tafiya a ƙasa, hannunsa ɗaya riƙe da katifar. Na fara gaya masa abubuwa: babbar ƴarmu kada a cire ta daga lakwal, ƴan kunnena na zinari a ba ta, autar a kai ta wurin Yaya.

"Ba na ji," in ji shi.

"Malam, ka saurara."

"Na ce ba na ji. In kin dawo kya raba kayanki da kanki."

Muryarsa ta karye a ƙarshen maganar. Shekara goma sha tara muna tare ban taɓa jin haka ba, kuma wannan ya fi aman tsorata ni.

A bakin fadamar jakin ya toge. Ruwan ya kai ƙugu, ja, yana tafiya. Maza shida da ke noma a kusa suka ajiye hauya, suka kama katifar ta gefe-gefe suka ɗaga ni bisa kafaɗunsu. Sama kawai nake gani. Ina jin numfashinsu, ina jin ruwan yana bugun jikinsu, ɗaya yana cewa a bi dama akwai rami. Na baya ya zame, katifar ta karkata, ƙafata ta taɓa ruwa. Na runtse ido ina kalmar shahada. Har yau ban san ko su waye ba, ban ga fuskar ko ɗaya ba.

A Magaria aka sa mini serom, ƙarin ruwa, a hannu, aka zura mini tiyo ta hanci har ciki. Na yi ta yunƙurin amai, ma'aikaciyar tana cewa haɗiye, haɗiye. Abin da ya fito ta tiyon ya cika kwalba, numfashina ya ɗan samu hanya. Aka yi mini radiyo, wato hoton ciki, likitan ya ɗaga hoton a haske ya ce Damagaram za a wuce da ni yanzu. Yaya ta iso a guje, mayafinta a hannu. Tana ganina ta durƙusa.

"Ni na kai ki. Ni na ja miki."

Ina so in ce mata ba ita ba ce, ni ce, amma tiyon ya hana ni magana mai tsawo. Na kama yatsanta kawai. Ta shiga motar tare da mu.

Likitan da ya karɓe ni a Damagaram dogo ne, Hausarsa ta Zabarmawa. Ya karanta takardar Kano ba tare da ya tsaya ba, ya dubi hoton, ya taɓa ƙullutun. Ya jawo kujera ya zauna daidai kaina. Ya ce hanji ne ya kutsa cikin babbar hudar ta ciki, ya maƙale, ya shaƙe. Ya ce yakan faru a irin wannan aiki, ba sau da yawa ba, amma yakan faru. Ba a san ko hanjin yana da sauran rai ba sai an buɗe.

"Yankawa za ku yi?"

"Yankawa za mu yi, madam. Babu wata hanya."

Aka kira Malam waje ya sa hannu a takarda. Da na ga mu biyu ne, na jawo hannun rigar likitan na gaya masa na ɗauki yarinya, kwana shida da aiki. Na ce ni na yi wa kaina. Ya dube ni.

"Mai yiwuwa shi ne. Mai yiwuwa tari ne, ko atishawa, ko ɗinkin ciki ne ya saki da kansa. Babu mai iya sani. Yarinyar lafiyarta lau?"

Na ce lau. Ya ce to, ya miƙe.

Ɗakin aikin da sanyi. Suka shimfiɗa hannuwana gefe da gefe suka ɗaure. Na ji ƙarar ƙarafa a faranti, irin ƙarar da na gudu Kano don kada in ji. Haƙorana suna haɗuwa. Wata ta ɗora mini abu a hanci ta ce in ja numfashi. Na yi niyyar in kira sunayen yarana biyar, na kai na uku.

Da na farka, Yaya ce a kaina. Na kai hannu cikina, na ji bandeji tun daga ƙasan ƙirji har mara, da wani tiyo a gefe. Likitan ya zo ya ce hanjin ya mutu a wurin da ya shaƙe, sun yanke kamar taƙi ɗaya sun haɗa bakunan. Ragar Kano ma sun cire, don ƙazanta ta taɓa ta, in an bar ta za ta ruɓe a ciki. Na ɗauka an gama. Sai ya ce yanzu ake jira. In haɗin ya kama, hanji zai motsa, iska ta fita. In ya yi yoyo, sai an koma, kuma wataƙila a fitar da hanjin ta gefen ciki a sa jaka.

Na san me yake nufi, don matar da ke gadon kusa da nawa, wata ƴar Guci, tana da irin jakar. Ina kallo ƙanwarta tana zubar mata da ita safe da yamma, ita kuma ta juya fuska bango. Mutuniyar kirki ce, tana yi mini sannu kullum, amma na kasa haɗa ido da ita.

Kwana huɗu ba ci ba sha, sai auduga mai ruwa da Yaya ke shafa mini a leɓe. Kowace safiya likitan ya sa abin saurarensa, ya tambaya, in girgiza kai. In jikina ya ɗan yi ɗumi sai in ce yoyon ne ya fara. In gefena ya soka sai in ce shi ne. Na daina barci mai nauyi, ina sauraren cikina kamar mai jiran sallama a ƙofa. Malam yana zaune a ƙarƙashin itacen bedi a harabar asibitin, carbi a hannu, in an bar shi ya shigo sai ya tsaya ƙafar gado ya dubi Yaya, ita ma ta girgiza kai.

Rana ta huɗu, wajen walaha, cikina ya yi ƙugi, sai iskar ta fita, da ƙara, a ɗaki mai mata takwas. Yaya ta miƙe ta rangaɗa guɗa. Ma'aikaciya ta leƙo tana faɗa, da ta ji dalili ita ma ta yi dariya. Matar Guci ta ce, "Barka, barka, Allah ya yi." Sai a lokacin na dube ta sosai, na fashe da kuka, ɗinkin yana ja na.

Ba a nan wahalar ta ƙare ba. Bayan sati ƙasan yankan ya kumbura ya fara ruwa. Suka warware ɗinki huɗu suka bar wurin a buɗe, ya cike da kansa daga ciki. Kullum da safe a zo pansama, wankin ciwon, a ciro tsumman jiya, a wanke, a cusa sabo. Sau ɗaya na ɗaga kai na leƙa, na ga naman jikina ja, rami ne da hannun yaro zai shiga. Ban ƙara leƙawa ba. Kowace safiya da na ji ƙarar keken pansama daga nesa sai gumi ya karyo mini. Na yi sati uku a asibitin, na ƙara wasu a gidan Yaya a Magaria, don in kasance kusa da likita. Sanda na koma ƙauye an gama yankan hatsi, lakwal ta buɗe da wani mushe, malami namiji, a ajina.

A gidan Yaya ne na gaya wa Malam maganar ɗaukar yarinyar. Ya ce, "Da kin bar ta a ruwan, da ba ke ba ce." Bai ƙara tayar da maganar ba.

Na koma aiki bayan ƙaramar bakans. Aka ba ni ajin manya, waɗanda ba sai an yi musu ihu ba. Wajen shekara guda da yankan, ina wanka, na ji tsakiyar tabon ya yi laushi, na yi tari sai wurin ya turo tafin hannuna. Na zauna a kan kujerar wanka har ruwan ya huce. Likitan Damagaram ya ce dama ya yi zaton haka, yankan da ya yi ruwa ba ya riƙewa sosai. Ya ba ni ɗamara mai faɗi da nake ɗaurawa ƙarƙashin riga, ya ce sai an sake aiki an sa wata raga, amma a bari jiki ya huta tukuna.

Jikin ya huta. Sau biyu yana ba ni rana ina kawo dalili, sau ɗaya jarrabawar yara, sau ɗaya bikin ƴar Yaya. Zuwana na ƙarshe ya auna wurin da yatsu ya ce yana ƙara faɗi, kuma gara a yi shi ina tafiya da ƙafata da a kawo ni a kwance. Ya ba ni rana a watan gobe, na ce to. Malam ya riga ya yi magana da mai mota, Yaya ta ce za ta rufe shago ta zauna da ni. Ni dai ko yanzu da nake rubuta wannan, bakina a bushe yake.